Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Ga 'Ya'yanmu Masu Zanen Komik A Zangon Kumasi: Wa Ke Ciyar Da Maharanku?

Assalamu alaikum.

'Ya'yana, samari da 'yan mata da kuke haɗa kai kuna zana labarin nan na maharan da suka sauko wa Kumasi daga sararin sama, ina gaishe ku, ina gaida iyayenku. Mafi yawanku ba ku san ni ba sai a fuska, wataƙila a masallacin Juma'a ko a bakin titin Aboabo. Ni mai gyaran wayar mota ne a Suame Magazine, na fi shekara talatin a cikin baƙin mai. Jikata ce ta fara nuna mini zanenku a wayarta, lokacin kuna babi na uku, kuma tun daga ranar ban bari ko ɗaya ya wuce ni ba. Daren da babi na goma sha biyu ya fito na karanta shi sau biyu bayan sallar isha'i, na ajiye wayar, barci ya ƙi zuwa. Takaici ne ya hana ni, irin wanda uba ke ji idan ɗansa ya ɗaga gini mai kyau, ya zo wajen rufi ya yi gaggawa. Na ji kuna shirin kashi na biyu, shi ya sa na ce bari in yi magana tun ba ku feƙe fensir ba. Na sa ta a fili kuma domin na san akwai ƙannenku a Nima da Tamale da ke kallon hannunku.

Hannunku yana da kyau, wannan babu tababa. Rufin kasuwar Kejetia da kuka zana bayan shekara ɗari biyu, da trotro, motocin haya, masu shawagi a sama, yaron mota ya maƙale a ƙofa yana kiran Tafo, Tafo, na daɗe ina kallonsa. Jarumarku kuma tamu ce: 'yar mai koko, mai gyaran waya a ƙarƙashin laima, wadda uwarta ke ƙulle kuɗi a bakin zane. Tun ina yaro nake karanta irin waɗannan littattafai, daga mujallar African Film da yayana ke kawowa, mai hotunan Spear, har zuwa tsofaffin komik na Amurka da ake shimfiɗawa a ƙasa a Adum, amma ban taɓa ganin uwata a ciki ba sai a naku.

Maganata a kan maharan take.

Me suka zo nema? Babi goma sha biyu na bi, ban samu amsa ba. Sarkinsu yana zaune a kujera mai tsawo, yana dariya, yana cewa zai mallaki duniya. To, ya mallake ta ya yi me da ita? Ruwansu ne ya ƙare? Ƙasarsu ce ta daina noma? Ko wani ne ya fi ƙarfinsu ya koro su? Ruwa ba ya tsami banza. Ko ɓarawon da ke zare batir a garejinmu da dare yana da mai saye da ke jiransa, yana da farashin da aka yanka masa. Amma ku kun ɗebo dubban jirage, kun tsallako da su taurari, ba ku ba su dalilin da ya kai na ɓarawon batir ba.

Ni bakanike ne, idona yana zuwa inda ya saba. Da na ga jiragen nan sun rufe sararin Manhyia, inda fadar sarkin Asante take, abin da ya fara zuwa raina shi ne: wa ke gyara su? Ina suke samun mai da kayan gyara? A babi na biyar jarumarku ta kakkaɓo musu jirgi arba'in, a babi na shida sun dawo cif kamar ba a taɓa su ba. Ban ga mai dafa wa sojan nan abinci ba, ban ga mai biyansa ba, ban ga wanda ya yi rashin lafiya don iskar duniyarmu ba irin tasu ba ce. Sarkin kuma duk wanda ya kawo masa mummunan labari sai ya kashe shi nan take, na ƙirga har sau huɗu. Masta da ke dukan yaron shago duk lokacin da ya ce masa an samu kuskure, wata ɗaya ba zai cika ba sai yaran sun koyi ɓoye masa gaskiya, daga nan motar mutane ta kama wuta. Da kun bi wannan zaren kaɗai, da kun samu labari: runduna da kowa ke yi wa na sama da shi ƙarya don tsoro, har sarki ya wayi gari bai san jirage nawa suka rage masa ba.

Ba sai kun je nesa ba kafin ku ga yadda mamaya take. Garin da kuke zaune a ciki an taɓa cin sa. A 1874 Garnet Wolseley ya taso daga Cape Coast da sojan Ingila, kuma kafin ya ga Kumasi sai da ya sha fama da gyaran hanya har Prasu, da kafa gada a kan kogin Pra, da neman 'yan dako, waɗanda suka riƙa jefar da kaya suna gudu. Ya shigo ranar 4 ga Fabrairu, ya sa wa garin wuta, bayan kwana biyu ya juya, saboda ruwan sama ya fara sauka, zazzaɓi yana kwantar masa da mutane, kuma ya san in koguna suka cika hanyar komawa ta toshe. Ga mai bindigogin zamani, ya ci yaƙi, amma cikin sojansa da damina suka hana shi zama. A nan labarin mamaya yake, a wajen ɗan dakon da ya gudu.

Ku lura da abin da wannan sakaci ya jawo muku a ƙarshe, don a nan ne na fi jin zafi a matsayina na mai karatu. Tunda maharanku ba su ci, ba su gajiya, ba su da saɓani a tsakaninsu, sai kuka rasa ta inda jarumarku za ta shige su. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, ku kuwa kun yi bango na ƙarfe babu tsaga. Da shafuka suka kusa ƙarewa, sai ga wani dutse a ƙarƙashin tafkin Bosomtwe, yarinya ta ɗaga shi sama, haske ya fito, runduna duka ta narke a shafi uku. Zaɓen Bosomtwe dabara ce mai kyau, domin tafkin ramin dutse ne da ya faɗo daga sama sama da shekara miliyan ɗaya da suka wuce, kuma mutanen wurin suna girmama shi. Amma ba ku ambaci dutsen ba ko sau ɗaya a babi goma sha ɗaya. A sana'ata, fitila ba ta kamawa sai waya ta taso daga batir, ta bi ta fiyus, ta bi ta makunni, sannan ta iso. In na ga fitila tana ci ban ga wayarta ba, na san wani ya yi haɗin ɓarauniya, kuma ba za ta daɗe ba. Dutsenku fitila ce marar waya. Duk wahalar da yarinyar nan ta sha, da mutuwar ƙaninta a babi na takwas, ba su ne suka kawo nasara ba. Da ta yi zamanta a gida har ranar da za a nuna mata tafkin, da sakamakon ɗaya ne.

Na san inda kuka gaji wannan, don ni ma a wurin na sha. A 1962, cikin fitowa ta biyu ta komik ɗin Amurka mai suna Fantastic Four, wasu halittun sararin sama da ake kira Skrull suka zo cin duniya da rundunarsu. Yadda aka kore su shi ne an nuna wa kwamandansu hotunan dodanni da aka yanko daga wasu littattafan komik, aka ce masa su ne dakarun duniya, ya tsorata ya juya. Ukun da aka kama kuma aka sa su suka rikiɗa suka zama shanu, aka juyar musu da hankali suka manta su wane ne. Halittun da suka iya tsallaka taurari, an yaudare su da takarda da almakashi. Bayan shekara kusan goma, a yaƙin Kree da Skrull na 1971 zuwa 1972, an yi wata da watanni ana gina rikicin dauloli biyu, sannan a ƙarshe aka tayar da wani ƙarfi da ke kwance a kan wani saurayi, Rick Jones, ya daskarar da rundunonin da tunaninsa. Dutsen Bosomtwe ke nan da wata riga. Haka a 1964 aka kafa wa Magneto, mugun da ke cikin komik ɗin X-Men, ƙungiya, aka sa kalmar miyagu a cikin sunanta. Wace ƙungiya kuka taɓa gani ta buga tuta ta rubuta mu miyagu ne? Kowane azzalumi da sunan gyara yake zuwa.

Su marubutan Amurkan nan suna da uzurin da ku ba ku da shi. A 1954, bayan an yi ta zargin komik da lalata tarbiyyar yara har magana ta kai majalisar dattawan Amurka, kamfanonin da kansu suka kafa doka mai tambari. Cikin sharuɗɗanta akwai cewa dole alheri ya rinjayi sharri a kowane labari, kuma kada a nuna laifi ta hanyar da za a ji tausayin mai laifi. Littafin da ba shi da tambarin, yawancin masu rarrabawa ba su ɗaukarsa. Marubuci kuma yana da shafi ashirin da 'yan kai, wata mai zuwa ana jiran wani. Dole mugu ya zama fanko, a buge shi da wuri. Su ma da igiyar ta yi sako-sako sun gyara: a 1981 Chris Claremont ya bayyana cewa Magneto tsira ya yi daga sansanin kisan da 'yan Nazi suka yi wa Yahudawa, kuma daga nan ya zama mutum da ake tsoro ana kuma fahimtar abin da ke cin ransa. Ku babu mai riƙe muku hannu, a WhatsApp da Facebook kuke sakin aikinku. Don me za ku ɗaura wa kanku marin da masu shi suka kwance?

Kada wani ya ce Baba yana so a wanke azzalumi. Ko kaɗan. Ku koma abin da kuka karanta a makarantar allo da Islamiyya. Babu azzalumin da Alƙur'ani ya yawaita ambato kamar Fir'auna, kuma ba a rage masa laifi ko ƙwayar zarra ba. Amma dubi yadda aka nuna mana fadarsa. Akwai Hamana mai gina masa bene. Akwai fadawa da ke zuga shi. Matsafan da aka tara, kafin su jefa igiyoyinsu sai da suka tambaya ko akwai lada in sun yi rinjaye, ya ce ƙwarai, har ma za su zama na kusa da shi. Ashe ma'aikatan Fir'auna ma ciniki suka fara yi. Da gaskiya ta bayyana kuma su ne suka fara faɗuwa suna sujada, a gabansa, ya yi musu barazanar yanke hannuwa da ƙafafu ba su janye ba. A cikin danginsa akwai mumini mai ɓoye imaninsa, wanda ya miƙe ya yi magana a fada. A cikin ɗakinsa akwai matarsa da ke roƙon Allah Ya tsirar da ita daga shi da aikinsa. Shi kansa an faɗa mana abin da ya ce yana tsoro: kada Annabi Musa, alaihis salam, ya canja musu addini ko ya kawo ɓarna a ƙasa. Azzalumi yana kiran mai gyara maɓarnaci. Wannan gidan kun haddace shi tun kuna ƙanana, da tsage-tsagensa duka, sannan kuka zo zana daular sharri kuka ba mu mutum ɗaya a kujera da dubban inuwoyi a bayansa.

A cikin komik ma akwai wanda ya yi abin da nake nufi. Ɗana da ke Amurka ya aiko mini da fassarar Turanci ta El Eternauta, wanda Héctor Oesterheld ya rubuta, Francisco Solano López ya zana, ya fara fitowa a Ajantina a 1957. Kamar ku, a garinsu suka sa mamayar, Buenos Aires, har an yi artabu a filin ƙwallon River Plate, kamar a ce a filin Baba Yara. Mutanen garin sun fara faɗa da wasu manyan ƙwari, suka gano ashe na'ura aka dasa musu ana juya su. Suka kai ga masu juya su, wasu halittu masu yatsu da yawa, suka ɗauka su ne iyayen gida. Ashe su ma bayi ne, an ci duniyarsu, an dasa musu wani abu a jiki wanda in tsoro ya kama su yake sakin dafi ya kashe su, don kada su taɓa tunanin bijirewa. Akwai inda ɗayansu yana bakin mutuwa a wani kicin, ya ɗauki butar kofi yana mamakin kyanta, yana tuna garinsu. Iyayen gidan na gaskiya kuwa ba a nuna fuskarsu ba har littafin ya ƙare. Ban taɓa jin tsoron mahara a takarda kamar waɗannan ba, kuma tausayin da na ji wa mai butar nan shi ya ƙara tsoron. Marubucin ya san abin da yake faɗi. A 1977 sojojin da ke mulkin ƙasarsa suka ɗauke shi, ba a sake ganinsa ba.

Yanzu abin da ya fi ci mini rai, wanda na yi ta jinkirin faɗa. Wane kaya kuka sa wa maharan? Baƙin rawani da amawali ya rufe fuska sai jajayen idanu, riga mai faɗi har ƙasa, a jikin jiragensu kuma wani rubutu mai lanƙwasa daga dama zuwa hagu. Na tabbata ba da niyya kuka yi ba, hannu ne ya bi abin da ido ya saba gani a fina-finai da wasannin waya. Masu zanen Turai da Amurka sun daɗe suna aro wa mugun sararin sama fuskar wanda suke ƙyama a ƙasa. Ming, sarkin duniyar Mongo a Flash Gordon na 1934, da siffar mutanen Sin aka zana shi, a zamanin da ake tsoratar da Turawa da mutanen gabas. Daga baya aka koma kan masu rawani. Su sun zana baƙonsu. Ku wa kuka zana? Na ɗora wayar kusa da hoton mahaifina na ranar Sallah, rawanin ɗaya ne.

Ina da shekara takwas a 1969 lokacin da gwamnatin lokacin ta fitar da dokar korar baƙi, ranar 18 ga Nuwamba, aka ba duk wanda ba shi da takardar zama mako biyu ya bar ƙasar. Kalmar da takardar ta kira mutane da ita, eliyen, ita ce dai wadda ake kiran halittun sararin sama da ita a komik. A gidan da muke haya akwai wani tela, matarsa tana sayar da waina, ɗansu sa'ana ne, tare muke garin gare-gare. A Kumasi aka haifi yaron, bai san wani gari ba. Na ga uban ya sayar da keken ɗinkinsa a tsakar gida a kan kuɗin da bai kai na kan keken ba, mai sayen ko kunya. Da asuba aka loda su a bayan babbar mota, mutane a kan kaya, kaya a kan mutane. Abokina ya miƙo mini garensa ta tsakanin katako, ya ce in riƙe masa. Ga wanda ya tsaya daga nesa, motar nan cike take da baƙi, fuska ɗaya, kaya ɗaya. Ni na san sunan kowa a ciki. Wanda aka taɓa yi wa kallon taro marar fuska bai kamata ya koya wa ƙannensa irin wannan kallon ba, balle ya ɗinka wa taron rigar ubansa.

Akwai ɗaya ɓangaren kuma, wanda ba mu cika son tunawa ba a Zango. Mu ma mun taɓa zama sojan mahara. John Glover ya fara tara dakarunsa a Legas a 1863, da yawansu bayi ne da suka gudo daga iyayen gijinsu, aka kira su Hausawa ko da ba dukansu ne Hausawa ba, kuma da su ya nufo Asante ta gabas a yaƙin 1874. A 1900, da gwamna Hodgson ya nemi a kawo masa kujerar zinariya ta sarautar Asante, Yaa Asantewaa ta Ejisu ta tayar da yaƙi, sojan Hausa ne a cikin ganuwar Kumasi, wadda yanzu gidan tarihin soja ce, kuna wuce ta in za ku Adum. An tsare su wata da watanni, yunwa da cuta suna ɗibarsu, har gwamnan ya fasa ya fita a watan Yuni ya bar kaɗan daga cikinsu, ba a kawo musu ɗauki ba sai a Yuli. A idon Batone, wato mutumin Asante, na wancan lokaci, su ne inuwoyin da ke bayan kujera. Amma kowannensu akwai abin da ya kai shi: wani bauta ya guje wa, wani albashi ya bi, wani ba shi da inda zai koma. Dalilin bai mai da yaƙin ya zama na gaskiya ba. Bayan an gama kuma waɗansunsu suka zauna, suka yi aure, suka haihu a garin da suka zo ci, kuma ba mamaki jininsu na gudana a jikin wani daga cikinku. Marubucin Landan ko New York sai ya yi bincike kafin ya san abin da ke zuciyar ƙaramin sojan daula. Ku tambayar kakanninku kawai za ku yi.

Haka kuma ban ga ɗan gari ko ɗaya da ya bi maharan ba, alhali da ɗan gari akan ci gari. A Kumasin da na sani, ranar da jiragen nan suka sauka, kafin la'asar wani ya samu kwangilar kai musu ruwa, wani ya zama tafinta, wani ya nuna musu gidan wanda yake bin sa bashi. Ku dubi yadda kogunanmu suka koma ruwan kunu saboda galamse, haƙar zinariya ta ɓarauniyar hanya. Baƙo ya kawo injin, amma wa ya nuna masa bakin kogin, wa ya karɓi kuɗin fili? Ku sa mana irin wannan mutumin, mai fara'a, mai yawan sadaka, wanda uwar jarumarku ke gaisarwa da ladabi.

A babi na bakwai, shafi na huɗu, akwai wani ɗan zane a ƙasa daga hagu. Maharan sun fasa rumfar koko, suna wucewa a jere. Na ƙarshensu ya ɗan waiwayo, amawalinsa ya zame, yana kallon tukunyar da ta kife, hannunsa ɗaya a kan cikinsa. Ban san wanda ya zana shi a cikinku ba, kuma wataƙila cike gurbi kawai aka yi da shi. Na sa jikata ta buɗa mini hoton har ya cika wayar. Wannan yaron yunwa yake ji. Ina roƙonku ku buɗe kashi na biyu da shi: wa ya ɗebo shi, me aka yi masa alkawari, yaushe rabonsa da albashi, wa ya bari a gida, me zai faru da shi in ya ƙi harbi. In kun bi shi a hankali zai kai ku har ɗakin gyaran jiragensu, ya nuna muku wayar da za a cire, kuma ba za ku sake bukatar dutse daga tafki ba.

Ranar Asabar bayan azahar aiki yakan yi sauƙi a shagona. Jikata ta san wurin, za ta kawo ku. Ku zo da takarda, akwai wata tsohuwar babbar mota da muka buɗe cikinta, ku zana yadda wayoyi ke tafiya, in nuna muku guda ɗaya, ba ta kai kaurin tsinken tsire ba, wadda in ta tsinke motar ba ta tashi. Akwai kuma wani dattijo maƙwabcina da kakansa ya yi soja a ganuwar nan, ya yarda zai ba ku labari in kun zo da goro.

Allah Ya yi muku albarka, Ya ƙara wa hannunku basira.

Naku,
Babanku mai gyaran wayar mota,
Aboabo, Kumasi.